Gidan Zoo na Kano da Tsarin Filayen Shaƙatawa: Tarihi, Ƙa'idoji da Darasi ga Gaya da Ajingi

Gidan Zoo na Kano, wanda a hukumance yake ɗauke da sunan Audu Bako, shi ne fitaccen filin da gwamnati ta keɓe a cikin birnin domin itatuwa da namun daji da shan iskar jama'a. Yana kan titin da ya ari sunansa, faɗinsa kimanin hekta 46, kuma an kafa shi a farkon shekarun 1970. A lokacin da aka shata shi yana gefen gari ne. Yau gidaje da kantuna da ofisoshi sun yi masa zobe, har ya zama tsibirin inuwa a tsakiyar siminti da kwalta.

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin Kano, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, suna da mutum kimanin miliyan 2.8. Da za a raba filin gidan zoo ga waɗannan mutane, kason kowa ba zai kai kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in mita ba, abin da da kyar zai ishi mutum ya tsaya da ƙafafunsa biyu. Jama'ar birnin kuwa ta ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci, filin bai ƙaru ba. Tarihin wannan wuri, da ƙa'idojin da ake bi wajen tsara irinsa, sun shafi garuruwan da ke bunƙasa a gabashin jihar, musamman Gaya da Ajingi, inda har yanzu akwai sauran ƙasar da za a iya keɓewa.

Abin da ake nufi da tsara fili

Tsara filin shaƙatawa fanni ne na ilimi mai zaman kansa, wanda ya haɗa aikin mai zanen gini da na injiniyan ruwa da na malamin gandun daji. Mai wannan aiki yakan fara da auna ƙasa: ina tudu, ina kwari, ina ruwa yake kwanciya da damina, wace irin ƙasa ce, waɗanne itatuwa ne tsaye a kanta. Bayan haka sai ya yanke shawarar inda ƙofofi za su kasance, yadda hanyoyi za su ratsa, inda za a dasa kowane irin ice, da inda za a bari sarari domin wasa ko taro.

Bambancinsa da gini shi ne lokaci. Gida yakan kammala ranar da aka miƙa makullinsa, amma lambu sai bayan shekara 20 ko 30 yake zama abin da mai zanensa ya hango. Saboda haka gwamnan da ya dasa ba kasafai yake zama a inuwar ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa masu mulki suka fi karkata ga gada da titi, waɗanda ake iya buɗewa kafin zaɓe.

Filayen tsohuwar Kano

Kano ba baƙuwar sarari ba ce. Tarihin sarakunanta ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka kuma ƙara faɗaɗawa a ƙarni na 17. Ganuwar ta kewaye ƙasa mai yawa fiye da wadda gidaje suka ci, domin idan abokan gaba suka tsare ƙofofi mutane su sami inda za su yi noma da kiwo. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya hau Dala ya ga gidaje sun taru ne a ɓangare guda, ragowar cikin ganuwa kuwa gonaki ne da fili.

A tsakanin unguwanni akwai kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda da damina suke shanye ruwan da ke gangarowa daga lunguna. Akwai rafin Jakara da ya ratsa birnin, wanda a da kurmi ya lulluɓe gaɓarsa, daga nan ne ma kasuwar Kurmi ta samo suna. A cikin Gidan Rumfa akwai lambunan da ake kira sheka. A wajen Ƙofar Mata akwai Filin Idi. A kowace unguwa kuma akwai dandali da itacen da dattawa ke zama ƙarƙashinsa.

Sunayen wurare kaɗai sun isa shaida a kan matsayin ice a tsarin birnin: Kasuwar Rimi, Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Kukar Bulukiya, Tsamiyar Boka. A yawancin waɗannan wurare sunan ya fi itacen tsawon rai.

Al'ada da shari'a sun ba irin waɗannan filaye kariya. Hausawa suna kiran ƙasar da ke kewaye da gari, wadda aka bar wa jama'a domin kiwo da itace da maƙabarta da faɗaɗa gari, da suna hurumi, kuma ba mai ikon mallake ta shi kaɗai. Malaman Daular Usmaniyya sun yi rubutu a kan haka. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattauna hukuncin hurumin gari da na rijiya da keɓe makiyaya a littafinsa Ta'alimur Radi. Ke nan keɓe fili domin amfanin kowa tsohon tsari ne a ƙasar Hausa, ya riga zuwan Turawa.

Zamanin Turawa da taswirar 1963

Bayan da Ingila ta ci Kano a 1903, sai wani sabon nau'in sarari ya shigo. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar tazarar yadi 440, kimanin mita 400, babu gini, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce kariya daga zazzaɓin cizon sauro, amma a aikace tazarar ta zama katangar wariya. A ɓangaren Nasarawa da Bompai aka yanka manyan filotai, aka jera madaci da darbejiya a bakin tituna, aka shimfiɗa filin sukuwa da na folo da na golf. Waɗannan su ne filaye na farko da aka zana a takarda kafin a shata su a ƙasa, sai dai ba don talakan birni aka yi su ba. Har yau wanda ya tashi daga Kurna ko Rijiyar Lemo ya shiga Nasarawa da tsakar rana zai ji bambancin a jikinsa.

Bayan samun 'yancin kai an yi wa Kano babbar taswirar shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wadda masanin tsara birane B. A. W. Trevallion ya jagoranta. Birnin ya yi saurin da ya wuce hasashen taswirar. Unguwanni da yawa sun tashi ne ta hanyar awon igiya, inda mai gona ke yanka gonarsa ya sayar ba tare da barin filin makaranta ko na wasa ba, domin kowane taku kuɗi ne.

Audu Bako da kafa gidan zoo

Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya mulki tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yanzu, daga 1967 zuwa 1975. An fi tunawa da shi a kan madatsun ruwa irin su Tiga da Bagauda da noman rani na Kadawa, amma ya kuma ɗauki yawon buɗe ido a matsayin hanyar raya jiha. Otal ɗin Bagauda da na Tiga da gidan zoo duk 'ya'yan wannan tunani ne.

Abu mafi muhimmanci da aka yi a gidan zoo shi ne girman filin da aka yanka da kuma lokacin da aka yanka shi. An ɗauki ƙasa mai faɗi a kudancin ganuwa tun tana da araha, aka kewaye ta, aka haɗa gidan dabbobi da lambun itatuwa a wuri ɗaya. Kejin zaki da na kura da na birai, da ramin kada da filin jimina, ba su ci dukan wurin ba. Sauran sarari ne da itatuwa da hanyoyin ƙafa. Itatuwan da aka dasa ko aka tarar a wurin yanzu sun haura shekara 50, kuma su ne dukiyar da ba za a iya saye ko ɗauka zuwa wani wuri ba. Hukumar kula da gidan zoo da namun daji ta jihar ce ke tafiyar da shi.

A kwanakin Sallah ake ganin ainihin ƙishirwar da Kano ke yi wa irin wannan wuri. Yara da iyaye daga cikin birni da ƙauyuka, har da masu tasowa daga Wudil da Gaya, sukan yi cincirindo a ƙofarsa. Da yawansu kallon dabbobi ɗan lokaci kaɗan yake ɗaukar musu; ragowar yinin a gindin itatuwa suke yin sa.

A nan ne kuma raunin tsarin yake. Gidan namun daji yana buƙatar doguwar katanga da ƙofa ƙwaya ɗaya da ake tsarewa, da kuɗin shiga domin ciyar da dabbobi. Kuɓucewar wani zaki daga kejinsa a watan Oktoban 2019, wanda ya sa aka rufe wurin har aka shawo kansa a cikin harabar, ya tuna wa kowa dalilin wannan tsaro. Filin shan iska na gari kuwa buƙatarsa akasin haka ce: ƙofofi ta kowace fuska, da damar mai wucewa ya ratsa ko ya zauna ba tare da ya biya ba. An ɗora wa fili ɗaya ayyuka biyu masu karo da juna, kuma mazauna unguwannin da ke jikin katangar suna iya shekara ba su taka cikinsa ba.

Ginshiƙan tsari a yanayin Kano

Inuwa ce ta farko. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai maki 40 ko ya wuce, don haka ana auna darajar fili ne da yawan inuwar da yake bayarwa a bazara. Kowane ice da halinsa. Darbejiya tana saurin girma, tana jure fari, ba ta tsiraita da rani, amma idan ita kaɗai aka cika wuri da ita cuta guda tana iya kwantar da lambun gaba ɗaya. Tsamiya tana da nawa, sai dai inuwarta mai kauri ce kuma tana daɗewa. Ceɗiya da durumi suna kamawa daga reshe, suna baza rassa, amma saiwarsu na fasa daɓe da harsashin gini, shi ya sa ake nesanta su da katanga. Gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da shi da rani. Kuka kuwa tsirara take a daidai lokacin da ake neman inuwa, don haka kwalliya ce da abinci. Madaci ya dace da bakin hanya, amma sai an tsare shi daga masu sassaƙar ɓawonsa domin magani. Mai tsari nagari yakan gauraya masu saurin girma da masu tsawon rai, domin na farko su riƙe wurin kafin na biyu su kawo ƙarfi.

Wurin dasawa ma yana da ƙa'ida. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa da ƙura, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa da iska, saboda haka ana jera itatuwa masu kauri a waɗannan fuskoki su zama garkuwa. Kujerar da aka ajiye gabas da ice ita ke samun inuwar la'asar, lokacin da mutane suka fi fitowa.

Ruwa ne na biyu. Damina a Kano wata 4 ce zuwa 5, sauran shekara rani ne. Shimfiɗaɗɗiyar ciyawa irin ta ƙasashen Turai tana neman ban-ruwa kusan kullum na tsawon wata 7, a birnin da matatun Challawa da Tamburawa ba su wadatar da gidaje ba, har jama'a suka dogara da 'yan garuwa. Tsarin da ya dace shi ne a taƙaita ciyawa a ƙananan wurare, a dogara ga itatuwan da bayan rani 2 ko 3 na ban-ruwa za su riƙe kansu. Da damina kuma matsalar takan juye ta zama ambaliya. Cike kududdufai da aka yi ana gini a kansu ya rage wuraren da ruwa ke kwanciya, Jakara kuma ta koma magudanar siminti mai ɗauke da ƙazanta, har aka soma rufe ta da titin da ake kira Wuju-Wuju. Kududdufin da aka gyara gaɓarsa ta zama mai sauƙin gangara, aka sa ragar tare shara a mashigarsa, aka kewaye shi saboda yara, zai iya zama tafkin lambu kuma ma'ajiyar ruwan sama a lokaci guda.

Na uku shi ne shiga da zirga-zirga. Hanyar burji da aka daddaɓe tana barin ruwa ya nutse kuma ba ta riƙe zafi kamar kwalta. Fili a Kano ba zai karɓu ga iyali ba sai da banɗaki na maza da na mata, da wurin alwala da salla, da sashen da mata da yara za su sake. Fargabar 'yan daba da masu ƙwacen waya ita ma batu ce ta zane: a ɗage rassan ƙasa domin ido ya riƙa gani nesa, a guji lungu, a sa fitilu masu aiki da hasken rana. Masu fura da rake da gurasa za su zo ko an so ko an ƙi, don haka gara a ware musu wuri tun a takarda. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta a sauƙaƙa musu shiga wuraren jama'a.

Na huɗu shi ne kulawa. Bikin dashen itatuwa da ake yi kowace damina yakan ƙare a cikin awaki da gara, domin ba a ware kuɗin shinge da ban-ruwa da albashin mai gadi ba. Ana sanin nasarar dashe ne ta ƙirga abin da ya rayu bayan shekara 3.

Yadda wasu birane suka yi

A Abuja, Millennium Park da ke Maitama yana da hekta 32. Ɗan Italiya Manfredi Nicoletti ne ya zana shi, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003. Rafi ya raba shi biyu: ɓangare guda an bar shi da kamannin daji, ɗayan kuma an tsara shi da miƙaƙƙun hanyoyi da maɓuɓɓugan ruwa. Ya samu ne domin taswirar Abuja ta bar kwaruruka da gaɓar rafuka babu gini tun farko.

Misalin Alƙahira ya fi kusa da halin Kano. Lambun Al-Azhar, mai hekta 30, an gina shi ne a kan tudun juji da ya yi shekara kusan 500 ana zuba masa shara a gefen tsohon birni. Gidauniyar Aga Khan ce ta ɗauki nauyinsa, aka buɗe shi a 2005. A cikin aikin aka tono ganuwar zamanin Ayyubawa da shara ta binne, aka gyara ta, aka kuma ɓoye manyan tankunan ruwan birni guda 3 a ƙarƙashin lambun. Ganuwar Kano, wadda tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, tana iya samun irin wannan gata da an mayar da gefenta doguwar hanyar itatuwa.

Central Park na birnin New York a Amurka, mai hekta 341, Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ne suka ci gasar zana shi a 1858. Sun nutsar da titunan da ke ratsa shi ƙasa domin kada ababen hawa su yanke wa mai tafiya hanya. Tarihinsa yana da tabo: an tashi mutum kimanin 1,600 kafin a gina shi, ciki har da wata unguwa ta baƙaƙen fata masu mallakar gidajensu. Ya kuma lalace a shekarun 1970 saboda rashin kuɗin kulawa, sai da aka kafa ƙungiya ta musamman a 1980 ta farfaɗo da shi.

A Yamai kuwa an fara dasa zoben darbejiya kewaye da birnin a 1965, amma daga baya filotai da gine-gine suka cinye sassa da dama nasa. Dashe bai isa kariya ba idan takardar ƙasa ba ta da ƙarfi.

Doka da takaddamar filaye

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar mallaka a yankunan da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin gargajiya a karkara. A Kano hukumar KNUPDA ce ke kula da tsarin birni da izinin gini. Ma'anar wannan ita ce filin jama'a yana iya sauya manufa da sa hannun ofis ɗaya.

A wa'adi na biyu na Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, gwamnati ta bayyana niyyar mayar da gidan zoo zuwa Tiga, bisa hujjar cewa cunkoso da hayaniya sun dami dabbobin. Masu suka sun tambayi abin da za a yi da filin idan an kwashe su. Wa'adin ya ƙare a 2023 gidan zoo yana inda yake. A watan Yunin shekarar, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a filin sukuwa da Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, tana cewa filayen jama'a ne aka cefanar. 'Yan kasuwar Filin Idi sun kai ƙara, kuma a watan Satumba Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya su diyyar naira biliyan 30.

Magoya bayan kowane ɓangare suna da nasu bayani. Abin da rikicin ya fito da shi fili shi ne tsadar gyara bayan ɓarna: ɗan kasuwa ya yi asarar jari, baitulmali ya shiga shari'a, filin kuma ya koma kufai maimakon lambu. Batun raba dabbobi da tsakiyar birni abu ne da masana za su iya tattaunawa, amma makomar hekta 46 da tsofaffin itatuwanta tambaya ce dabam, kuma ita ce ta fi shafar mazauna Kano.

Gaya da Ajingi

Gaya tana da tsohuwar alaƙa da Kano. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka je gindin Dala neman tama suka zauna. A yau hedikwatar masarauta ce: an ƙirƙiro ta a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka dawo da ita a Yulin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gaya tana da mutum fiye da dubu 200, Ajingi fiye da dubu 170. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil zuwa Dutse tana jawo gidajen mai da shaguna da filotai zuwa bakinta, kamar yadda titin Zariya ya yi wa kudancin Kano shekaru 50 da suka wuce.

Yankin yana da abin da Kano ta rasa. Gonakinsa cike suke da ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo da kanya, waɗanda manoma suka bari suka rena. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin karkarar Kano, ya nuna cewa yawan jama'a bai sa manoman yankin sun ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, domin suna ɗaukar su a matsayin dukiya. Filin da aka yanka a irin wannan ƙasa zai fara rayuwa da inuwar da wani wurin sai ya jira shekara 30. Ƙasar yankin mai yashi ce, tana shanye ruwa da sauri, abin da ke ƙara nuna cewa itatuwan gida sun fi ciyawar ado dacewa. A Ajingi, inda kogin da ya wuto Wudil zuwa Haɗeja yake tumbatsa a wasu damunan, ƙasar da ambaliya ke ci ba ta dace da gidaje ba, amma ta dace da giginya da lambuna da filin ƙwallo, waɗanda ruwa zai hau ya sauka ba tare da asarar rai ba.

Matakan ba su da tsada idan aka kwatanta da titi. A auna fili a gefen gari, a biya masu gonaki diyya ta gaskiya kuma da yardarsu, a kafa duwatsun iyaka, a shigar da shi kundin gwamnati da sunan filin jama'a, a manna taswirarsa a sakatariya da fadar hakimi domin kowa ya san iyakarsa. A bar burtali a buɗe domin kada lambu ya zama sanadin faɗa da makiyaya. A fara dasa kewayen tun kafin a sami kuɗin kujeru da fitilu. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil da Jami'ar Bayero suna horar da masu tsara birane da malaman gona da za su iya aikin awo da zane. Kano tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, dukansu masu tallafa wa dashe. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukuma da kansila abin da suka tanada.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa samar da filayen shan iska ga kowa cikin muradun da ake son cimmawa kafin 2030. Wani ma'auni da masanin itatuwan birni Cecil Konijnendijk ya gabatar a 2021 ya sauƙaƙa batun: mutum ya hangi ice 3 daga gidansa, inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin 100 na unguwarsa, kuma kada tazararsa da filin shan iska ta wuce mita 300. A yawancin unguwannin Kano cika wannan sharaɗi yanzu sai an yi rusau. A Gaya da Ajingi igiyar awo da takarda da 'yan dubban dashe sun isa, muddin an yi kafin gonakin bakin gari su koma filotai. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.